Jakar da ke riƙe da bugun zuciya: Yadda masu gazawar zuciya ke karɓar magani ta jijiya a gida

A Amurka akwai wasu marasa lafiya da ba sa rabuwa da wata 'yar jaka da suke rataye wa a kafaɗa ko ɗaurawa a ƙugu. Da ita suke kwana, da ita suke shiga banɗaki, da ita suke zuwa bikin jikoki.

A cikin jakar akwai ledar ruwan magani da wata na'ura mai batir wadda ba ta fi tafin hannu girma da yawa ba. Wani siririn tiyo ne ya fito daga na'urar ya shige damtsen mutum ko ƙirjinsa, ya bi jijiya har zuwa babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya.

Maganin ba ya tsayawa. Dare da rana yana shiga kaɗan-kaɗan, yana tilasta wa zuciyar da ta gaji ta ci gaba da matsa jini. Da can sai a sashen kulawa ta musamman na asibiti ake ba da shi. Yanzu ana sallamar mutum da shi ya koma gida, wani ya yi watanni, wani ya haura shekara.

Abin da ya sa lamarin ya zama abin muhawara a tsakanin likitocin zuciya shi ne, an daɗe da sanin cewa irin wannan magani na iya gajarta kwana. Duk da haka ana ba da shi, marasa lafiya kuma suna karɓa da saninsu.

Idan ƙwayoyi sun gaza

Gazawar zuciya ba tana nufin zuciya ta tsaya ba. Tana bugawa, sai dai ba ta iya tura jinin da jiki ke buƙata. Zuciya mai lafiya takan fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. A wajen wanda ciwon ya ci ƙarfinsa, adadin kan sauka ƙasa da kashi 25, wani lokaci ƙasa da 15.

Sai ruwa ya fara taruwa a huhu da ƙafafu da ciki. Mutum ya riƙa haki daga gado zuwa ƙofar ɗaki, ya kasa kwanciya sai da matashin kai uku ko a zaune. Abinci ya fita daga ransa, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi, ƙoda ta fara ja da baya saboda jini ba ya isa gare ta.

Manya sama da miliyan shida ne ke fama da gazawar zuciya a Amurka, kuma mafi yawansu ƙwayoyi na riƙe da su shekara da shekaru. Kaɗan ne ke kaiwa matakin ƙarshe, wanda likitoci ke kira mataki na D. A nan ne ƙwayoyin da suka taimaka a baya suke komawa suna sauke jini fiye da kima, dole a rage su ko a daina. Mutum ya zama ɗan gida a asibiti: a sallame shi yau, bayan mako biyu ya dawo.

A irin wannan kwanciya ce ake fara ɗaura masa maganin ƙarfafa bugun zuciya. Sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu sai a ga canji. Fitsari ya dawo, kumburi ya fara saɓewa, mutum ya tashi zaune ya nemi abinci. Matsalar tana fitowa ne ranar da aka yi ƙoƙarin janye maganin. Wasu sukan jure. Wasu kuwa da an rage, jini ya faɗi, ƙoda ta sake tsayawa. Idan aka gwada sau biyu ko uku abin ya ƙi, likitoci kan ce jikinsa ya dogara da maganin. Daga nan hanya biyu ce: ko ya ci gaba da zama a gadon asibiti, ko a haɗa shi da na'ura ya tafi gida.

Magunguna biyu, hali daban

Magunguna biyu aka fi amfani da su: dobutamin da milrinon.

Dobutamin ya fito ne daga kamfanin Eli Lilly a shekarun 1970, inda masu bincike biyu, Ronald Tuttle da Jack Mills, suka haɗa shi. Yana aiki kusan irin yadda sinadarin da jiki ke saki lokacin firgici yake yi, wato yana zaburar da tsokar zuciya ta matsa da ƙarfi. Amma ba ya daɗewa a jini. Cikin kimanin minti biyu rabinsa ya tafi. Ma'ana, idan na'ura ta tsaya ko tiyo ya lanƙwashe, mai jinya zai iya fara jin jiki kafin a gama shan shayi.

Milrinon ya zo daga baya, a ƙarshen shekarun 1980. Shi kuma yana ƙara ƙarfin matsawar zuciya tare da buɗe hanyoyin jini, don haka zuciyar ba ta turawa da wahala sosai. Yana ɗaukar sama da awa biyu kafin rabinsa ya bar jini, abin da ke bai wa iyali sararin gyara matsala idan ta taso. Ƙoda ce ke fitar da shi, shi ya sa wanda ƙodarsa ta yi rauni sai an rage masa, in ba haka ba ya taru ya sauke masa jini.

Yawan maganin kansa abin mamaki ne. Ana lissafa shi ne da nauyin mutum a kowane minti. Mai nauyin kilo 70 da ke kan matsakaicin awo na milrinon bai samun miligiram 40 cikakke a yini guda, alhali ƙwayar farasitamol ɗaya miligiram 500 ce. Wannan ƙanƙantar ce ta sa ba a yarda a ɗaura shi kamar ƙarin ruwan da aka saba gani ana daidaita ɗigonsa da hannu ba. Na'ura ce kawai ke iya auna shi daidai.

Binciken da ya tayar da hankali

Lokacin da milrinon ya fito, fata ya yi yawa. An yi shi a matsayin ƙwaya, ana ganin an samu abin da masu gazawar zuciya za su riƙa sha kullum. Sai aka yi babban gwaji mai suna PROMISE a ƙarƙashin Dokta Milton Packer, da marasa lafiya 1,088, aka wallafa sakamakon a 1991. Waɗanda suka sha ƙwayar sun fi mutuwa da kashi 28 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Daga nan aka yi watsi da ƙwayar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokin da ya gaji idan aka tsananta masa bulala zai ƙara gudu, amma ba za a ce an ba shi lafiya ba. Zuciyar da ake tilasta wa aiki tana ƙara cin iskar oksijin, tana kuma ƙara faɗawa cikin rikicewar bugu, irin wadda ke kashe mutum farat ɗaya.

A 2002 wani gwajin mai suna OPTIME, wanda aka yi da mutum kusan 950 da ke kwance a asibiti, ya nuna cewa ba kowa da kowa milrinon ta jijiya na awa 48 bai rage musu kwanakin jinya ba, sai ma ƙarin faɗuwar jini da rikicewar bugu.

Game da masu tafiya gida da maganin kuwa, alƙaluman farko ba su da daɗin ji. Wani rahoto daga Jihar Oregon a 2003, wanda Dokta Ray Hershberger ya jagoranta, ya bibiyi mutum 36 da aka sallama da na'urar. Rabinsu sun rasu kafin wata uku da rabi. Kashi 6 cikin 100 kacal suka kai shekara.

Wanda ya tsaya a nan zai ce to me ya rage. Sai dai akwai abin lura: waɗannan mutane ne da ba don na'urar ba, da ba su bar asibiti da rai ba. Watanni ukun da suka samu, a ɗakunansu suka yi su.

Daga baya alƙaluman sun ɗan gyaru. A 2015 likitocin Jami'ar Alabama da ke Birmingham suka wallafa bayanan mutum 197 da suka sallama da maganin tsakanin 2007 da 2013. A cikin waɗanda aka ba don rage raɗaɗi kawai, rabi sun haura wata tara, kusan rabi kuma sun kai shekara. Ana danganta bambancin da rage yawan maganin da ake bayarwa, da kuma na'urar da ake dasa wa mutane a ƙirji wadda ke ba zuciya girgizar lantarki idan bugunta ya rikice.

Gada ce ko masauki?

Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka fitar a 2022 sun raba lamarin gida-gida. Sun amince a ba da maganin ga wanda ke jiran dashen zuciya ko jiran a saka masa famfon wucin gadi, domin ya riƙe shi har ranar ta zo. Sun kuma ce ana iya duba yiwuwar ba wanda ba shi da damar ko ɗaya daga cikin biyun, don a sauƙaƙa masa wahala. Bayan waɗannan dalilai, sun ce ba da shi na dogon lokaci na iya cutarwa.

Ga rukuni na farko, na'urar gada ce. A bayanan Alabama, mafi yawan waɗanda aka ba maganin da wannan niyya sun kai ga dashe ko famfo. Sai dai gadar na iya tsawo. Ana dashen zuciya sama da 4,000 a shekara a Amurka, kuma masu jira sun fi zukatan da ake samu yawa. Tun watan Oktoban 2018 da aka sauya tsarin rabon, aka kasa masu jira zuwa matakai shida, wanda ke gida da wannan magani yana mataki na huɗu. Waɗanda ke kwance a asibiti da manyan na'urori suna gabansa. Wato samun sauƙin da ya sa aka sallame shi, shi ne kuma ya tura shi baya a layi.

Famfon wucin gadi, wanda ake kira LVAD, tiyata ce babba da ake dasa inji a jikin zuciya. Gwajin REMATCH na 2001 ya nuna kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka saka wa sun kai shekara, a kan kashi 25 na waɗanda aka bari da magunguna, kuma injinan yanzu sun fi na wancan lokaci inganci nesa ba kusa ba. Amma ba kowa ke iya ɗaukar tiyatar ba. Tsufa, ciwon ƙoda, raunin ɓangaren dama na zuciya, ko rashin wanda zai kula da mutum a gida, duk suna iya hana shi. Akwai kuma waɗanda aka ba dama suka ce sun gode, ba sa so.

Waɗannan su ne rukuni na biyu, kuma a kansu ne ya kamata magana ta fito fili tun ranar farko. Mutumin da ya ga kumburinsa ya saɓe, ya ci abinci, ya taka zuwa ƙofar gida, yana da hujjar zaton ya warke. Iyalinsa ma haka. Idan likita bai zauna ya faɗa musu cewa zuciyar tana nan yadda take ba, ranar da abin ya juya za su ji kamar an yaudare su.

Aikin da ke komawa kan iyali

Kafin a sallami mutum, ana saka masa tiyo na musamman. Wanda aka fi sani shi ne PICC, da ake shigarwa ta damtse. Wasu kuma ana bi da nasu ta ƙarƙashin fatar ƙirji. Ba a amfani da ƙananan jijiyoyin bayan hannu domin ba sa jure dogon lokaci.

Wani kantin magani na musamman ne ke haɗa ledojin ya kawo gida, a ajiye a firji. Ana canza leda kullum ko bayan kwana biyu, gwargwadon yadda aka tsara. Ma'aikaciyar jinya takan zo kamar sau ɗaya a mako ta sauya bandejin wurin tiyon, ta ɗebi jini don a duba ƙoda da sinadaran jini irin su fotasiyam. Sauran kwanakin kuwa, mata ce ko miji ko 'ya ke riƙe da komai.

Ita ce za ta koyi wanke hannu da goge bakin tiyo kafin ta taɓa, ta san ma'anar kowane ƙara da na'urar ke yi, ta tanadi batir. Yawanci ana ba da na'ura biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana ajiye. Akwai kuma gargaɗin da ake nanatawa: kada a tura ruwan wanke tiyo da ƙarfi a layin da maganin ke bi ba tare da umarni ba, domin hakan zai watsa maganin da ke cikin tiyon gaba ɗaya zuwa zuciya a lokaci guda.

Kowace safiya mai jinya zai hau sikeli. Ƙarin kilo ɗaya a kwana guda, ko kilo biyu a mako, alama ce ruwa na taruwa, sai a kira asibiti. Gishiri an taƙaita, ruwan sha ma ana aunawa. Wanka sai an naɗe hannu da leda.

Babban abokin gaba shi ne ƙwayoyin cuta. Tiyon ƙofa ce buɗaɗɗiya daga fata zuwa zuciya. Zazzaɓi ko rawar sanyi a wajen mai irin wannan tiyo ba abin jira zuwa safiya ba ne. Wani rahoton na likitocin Alabama ya nuna kusan uku cikin kowane goma sun kamu da cuta, sama da rabi kuma sun sake kwanciya a asibiti aƙalla sau ɗaya. Don haka "komawa gida" ba ya nufin an yi sallama da asibiti.

A Turai wasu asibitoci sun bi wata hanya. Akwai magani mai suna lebosimendan, na kamfanin Orion na ƙasar Finland, wanda tasirinsa ke ɗaukar kwanaki a jiki. Sai mai jinya ya riƙa zuwa asibiti bayan mako biyu ko fiye a ɗaura masa na wasu awanni ya koma gida ba tiyo. Ba a ba shi lasisi a Amurka ba.

Me ya sa ba a ganinsa a nan?

A Amurka shirin inshorar gwamnati na tsofaffi, Medicare, yana biyan kuɗin na'urar da maganin idan an cika sharuɗɗa, kuma tun Janairun 2021 ya fara biyan kuɗin ziyarar ma'aikatan jinya a ƙarƙashin wani tsari na dindindin. Wannan ne ya sa abin ya yiwu ga talaka. Maganin shi kaɗai ba ya wadatarwa sai da kantin da zai haɗa shi cikin tsafta, da wutar da za ta riƙe firji, da ɗakin gwaji, da lambar da za a kira ƙarfe biyun dare a ɗauka.

A Najeriya ana amfani da dobutamin a sassan kulawa ta musamman na manyan asibitoci, amma babu shirin dashen zuciya na yau da kullum da zai zama ƙarshen gadar. Masu ciwon ma ba irin na can ba ne. Binciken THESUS da aka wallafa a 2012, wanda ya haɗa marasa lafiya 1,006 daga ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya gano matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo ciwon. A Arewa akwai ƙarin nau'in da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, wani bincike a Sakkwato ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci tattara bayanansa a faɗin ƙasa. Da yawan irin waɗannan mata zuciyarsu kan farfaɗo idan an fara ƙwayoyi da wuri.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kauce masa. Abin da ake magana a kai ba shi ne ƙarin ruwan da mai kemis ke zuwa gida ya ɗaura wa wanda "jikinsa ya mutu" ba. Ruwan gishiri ne ake ɗaurawa a irin wannan, shi kuwa mai gazawar zuciya ruwa ne ya riga ya yi masa yawa. Leda ɗaya na iya cika masa huhu. Maijego ko dattijon da ke haki, ƙafafu a kumbure, ba ya iya kwanciya sai a zaune, hoton zuciya yake buƙata a asibiti.

Ranar da maganin ya daina ji

A inda tsarin ke aiki kuwa, tambaya mafi nauyi tana zuwa ne daga ƙarshe. Jiki kan saba da maganin, musamman dobutamin, ita kuma zuciyar tana ci gaba da rauni. Haki ya dawo, a ƙara awo, ya lafa na ɗan lokaci ya sake dawowa. Kowane ƙari yana ƙara haɗarin rikicewar bugu.

A nan ne na'urar girgizar lantarki da ke ƙirji take zama matsala. Ita ce ta tsare mutum a watannin baya, amma a kwanakin ƙarshe tana iya yi masa girgiza mai zafi sau da yawa ba tare da ta ƙara masa komai ba. Ana iya kashe wannan ɓangaren nata ba tare da tiyata ba, kuma likitoci na ba da shawarar a tattauna batun tun mutum yana iya magana da kansa.

Akwai kuma batun kuɗi. Cibiyoyin da ke kula da masu jinyar ƙarshe a Amurka ana biyansu ƙayyadadden kuɗi ne a kowace rana, wanda sau da yawa bai isa ya ɗauki nauyin maganin ba. Wasu sukan karɓi mutum da na'urarsa, wasu su ce sai an cire. Iyali kan tsinci kansu suna zaɓa tsakanin maganin da ke riƙe da mahaifinsu da ma'aikatan da suka ƙware wajen rage masa raɗaɗi.

Wasu marasa lafiyar suna rasuwa na'urar tana aiki. Wasu kuma da kansu suke cewa ya isa, sau da yawa bayan sun ga abin da suke jira, ɗaurin auren 'ya ko haihuwar jika. Idan aka yanke wannan shawara, ana fara tanadar magungunan rage haki da fargaba, a kira waɗanda ya kamata a kira, sannan a rage maganin a hankali ko a tsayar da shi. Mai dobutamin kan ji canjin da wuri fiye da mai milrinon. Daga nan wani kan yi awanni, wani kwanaki.